Muna kwana a Agege, ƙuri'armu tana ƙauye

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar siyasa zan yi amma ba ta jam'iyya ba, dan haka wanda ya shigo da shirin faɗan APC da PDP ya ajiye sandarsa tukuna. Abin da yake ci min rai shi ne mu 'yan Arewa mazauna Legas, musamman mu na ɓangaren Agege, Oko-Oba, Idi-Araba, Alaba Rago da su Ikeja, da wuya ka samu wanda ba zai lissafo maka sanatocin jiharsu guda uku ba, har da wanda aka kayar da wanda ya sauya sheƙa da wanda ake raɗe-raɗin zai nemi gwamna, amma ka tambaye shi waye yake wakiltar unguwar da yake kwana yake tashi a majalisar dattawa sai ka ji shiru. Mutum ya shekara ashirin a nan, a nan ya yi aure, a nan 'ya'yansa suke makaranta, a nan yake biyan kuɗin rumfa da kuɗin shara da tikitin kasuwa kullum ta Allah, amma bai san sunan sanatansa ba. Wallahi abin yana damuna sosai.

To bari in shimfiɗa yadda abin yake. Kowace jiha sanata uku gare ta, Abuja ɗaya, shi ya ba da 109. Legas ƙananan hukumomi 20 ne da ita wanda tsarin mulki ya sani, waɗancan 37 ɗin da aka ƙirƙiro a 2003 lokacin Tinubu yana gwamna, wanda a kansu har Obasanjo ya riƙe wa jihar kuɗin ƙananan hukumomi, su ba sa cikin lissafin tarayya. An raba ashirin ɗin gida uku. Legas ta Gabas ta ɗau biyar, Epe, Ibeju-Lekki, Ikorodu, Somolu da Kosofe, a nan 'yan uwanmu na kasuwar Mile 12 suka faɗo. Legas ta Tsakiya ita ma biyar, Apapa, Eti-Osa, Surulere, Lagos Island da Lagos Mainland, nan ne su Obalende da Ebute Metta. Sauran goman gaba ɗaya aka tattara aka ce Legas ta Yamma: Agege, Ifako-Ijaiye, Alimosho, Ikeja, Mushin, Oshodi-Isolo, Ajeromi-Ifelodun, Amuwo-Odofin, Ojo da Badagry. Mu kenan.

Ka duba girman wannan mazaɓa dan Allah. Fadar gwamnati da ke Alausa a ciki take, filin jirgin Murtala a ciki yake, mayankar Oko-Oba, Ajegunle, Festac, kasuwar Alaba, har ka dangana da bodar Seme inda za ka tsallaka Jamhuriyar Benin, duk sanata ɗaya ne. Alimosho kaɗai a ƙidayar 2006 ta haura mutum miliyan 1, ita ce ƙaramar hukumar da ta fi kowacce yawan jama'a a jihar, kuma kowa ya san daga 2006 zuwa yau su Ikotun da Ayobo da Igando sun cika sun batse. Wanda ya taɓa tasowa daga Agege da safe zai je Badagry a ranar aiki ya san abin da nake faɗa, in gosulo ya kama ka a Iyana-Iba sai dai ka yi azahar a hanya.

Kujerar nan kuma tana da tarihi ba kaɗan ba. A 1992, zamanin Babangida da jam'iyyu biyu, SDP da NRC, wanda ya ci sanatan Legas ta Yamma a SDP shi ne Bola Ahmed Tinubu. Nan ya fara. Majalisar ba ta yi tsawon rai ba, aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 na Abiola, watan Nuwamba Abacha ya karɓi mulki ya rushe komai, Tinubu ya shiga gwagwarmayar NADECO, ƙungiyar masu adawa da mulkin soja, har ta kai shi gudun hijira ƙasar waje, da aka dawo farar hula a 1999 ya zama gwamna ya yi shekara takwas, yau kuma shi ne shugaban ƙasa tun 29 ga Mayu 2023. Dattawanmu na Agege da suke da kati a wancan lokacin suna daga cikin mutanen farko da ya taɓa neman ƙuri'arsu. Ni ko wannan kaɗai ya isa ya sa mu daina yi wa kujerar kallon ta wasu ce can.

A 1999 jam'iyyar AD ta lashe kujeru ukun Legas duka. Tamu Dokta Wahab Dosunmu ne ya hau, tsohon ministan gidaje a gwamnatin Shagari, kafin wa'adinsa ya ƙare kuma ya koma PDP. A 2003 sai Tokunbo Afikuyomi, wanda a zangon farko Legas ta Tsakiya ya wakilta sannan ya dawo Yamma, kuma shi ne a 2007 ya fito takarar gwamna a ANPP, jam'iyyar da mutanenmu suke so lokacin saboda Buhari. Waɗannan biyun kowanne zango ɗaya ya yi a kujerar tamu.

Daga 2007 zuwa 2015 Ganiyu Olanrewaju Solomon ne, GOS ake ce masa, ɗan Mushin, ya yi ciyaman na Mushin ya yi ɗan majalisar wakilai sannan ya zama sanata sau biyu, AC da ACN. Kun ga Idi-Araba a Mushin take. Kuma duk Bahaushen da ya daɗe a garin nan in ka ce masa Idi-Araba sai ya tuna watan Fabrairu 2002, kwanaki kaɗan bayan fashewar bama-baman barikin Ikeja na 27 ga Janairu, lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin mutanenmu da Yarbawa aka rasa rayuka masu yawa aka ƙone gidaje, mata da yara suka kwana a barikin soja da na 'yan sanda. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare. Na kawo wannan ne saboda a irin wannan ranar ake gane amfanin samun wanda zai miƙe a zauren majalisa ya yi magana da yawunka saboda ya san da kai a lissafinsa. Sanatan jiharku zai yi Allah wadai daga Abuja, zai iya aiko da buhunan shinkafa, Allah ya saka masa, amma shi ba a nan ake zaɓensa ba, ranar da ƙura ta lafa ya koma harkar mazaɓarsa.

GOS ya nemi tikitin gwamna a APC ƙarshen 2014 Ambode ya samu, sai kujerar ta koma hannun Solomon Olamilekan Adeola, wato Yayi, akanta ne, daga Alimosho ya taso, ya yi majalisar jiha daga 2003 zuwa 2011, ya yi majalisar wakilai zango ɗaya, sannan sanata daga 2015 zuwa 2023, a zangonsa na biyu shi ne shugaban kwamitin kuɗi na majalisar dattawa. Abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne a 2023 bai sake nema a Legas ba, ya koma jihar Ogun wajen danginsa na Yewa ya tsaya a Ogun ta Yamma ya ci, yanzu ma shi ke riƙe da kwamitin kasafin kuɗi. An yi ta surutu a kai lokacin. Amma ku lura da abu ɗaya, doka ba ta hana shi ba. Sashe na 65 na tsarin mulkin 1999 abin da ya nema ga mai son zama sanata shi ne ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 35, yana da ilimin sakandare ko makamancinsa, kuma jam'iyya ta tsayar da shi. Babu inda aka ce sai kakanka a garin aka binne cibiyarsa.

Tun 2023 kuwa mace ce take wakiltarmu, Dokta Idiat Oluranti Adebule, 'yar Ojo, malamar jami'a ce a da, ta yi sakatariyar gwamnatin jiha zamanin Fashola, ta yi mataimakiyar gwamna tare da Ambode daga 2015 zuwa 2019. Ojo ɗin nan fa ita ce inda Alaba Rago take, inda mutanenmu suka shekara da shekaru suna sayar da raguna da kayan abinci da gwangwan, inda kuma aka sha ba su takardar tashi.

In ka jera sunayen nan za ka ga abu biyu. Na farko tun 1999 gida ɗaya ne yake cin kujerar a akwati, suna kawai yake canzawa, AD ta zama AC ta zama ACN ta narke cikin APC a 2013 tare da su CPC da ANPP. Dan haka rabin zaɓen tun a fid da gwani ake gama shi, a tarukan mazaɓa da na shugabannin jam'iyya, wuraren da mu ba ma zuwa sai in an gayyato mu cika kujeru ranar kamfen. Na biyu, yawancinsu ba daga sama suka faɗo ba, kowanne yana da unguwar da ya riƙe, GOS da Mushin, Yayi da Alimosho, Adebule da Ojo, kuma kowanne ya san akwatunan da suke kawo masa ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya. Ɗan siyasar Legas ba ya lissafi da yawan mutanen da ya gani a masallacin Juma'a, takardar sakamakon akwati yake buɗewa. Siyasa adashi ce, wanda bai zuba ba ba ya kwasa.

Mu kuwa ya muke yi? Duk wanda yake kusa da tashar motocin Arewa a Agege ko Alaba Rago ya san yadda satin zaɓe yake. Lakshiri ta cika tun la'asar, an ɗaure Ghana-mos-go a but har ba ya rufuwa, yaran mota suna ta kiran Kano-Kano, Sakkwato, Katsina saura mutum biyu, kuɗin mota ya tashi amma ba mai ja da baya, wasu samarin ma a saman tirelar da ta sauke shanu za su koma, sun naɗe fuska da rawani saboda iska da sanyin dare, kowa katin zaɓensa yana cikin leda a aljihun gaba. Teburan masu shayi a rufe, layin 'yan canji ba kowa, majalisar da ake cika bayan isha'i sai tsofaffi biyu uku da rediyo. Tafiyar kusan kilomita 1,000 mutum zai yi, ya bar sana'arsa sati guda ko fiye, ya je ya zaɓi ɗan majalisa da sanatan garin da ba ya zama a cikinsa sai da sallah, sannan ya dawo inda matsalarsa take ya tarar ba shi da bakin magana.

Na taɓa tayar da maganar nan da wani dattijo da nake girmamawa, tsohon ɗan kasuwar goro ne, tun kafin a haife ni yake Agege. Na ce Baba, me zai hana mu dawo da katunanmu nan? Ya ajiye carbinsa ya dube ni ya ce, yaro, kowa ya bar gida gida ya bar shi, mu nema muka zo, in ka cire sunanka daga akwatin garinku ranar da ka koma wa zai san da kai? Na ce Baba ai ku kuka gina masallatan nan, ku kuka sayi filin maƙabarta, jikokinku Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Ya yi murmushi ya ce haka ne, amma dai baƙo baƙo ne. Ban yi musu da shi ba dan ba tarbiyya ba ce, kuma na fahimci daga inda maganarsa ta fito, mutanen da suka ga rikicin Ketu da Mile 12 na 1999 suka ga na 2002 dole su riƙa kwana da takalmi a kusa. Sai dai ni a raina ban yarda da kalmar baƙon nan ba. Hausawa suna Legas tun kafin a haɗa Najeriya a 1914, tun dakarun Hausawa da Baturen mulki Glover ya kafa a shekarun 1860, kuma cinikin goro da layin dogo su suka kafa Zangon Agege. Yaron da aka haifa a Agege, ubansa ma a nan aka haife shi, in ka ce masa ya koma gida ina zai je?

Ku dubi 'yan uwanmu Ibo. A zaɓen 2015, a cikin wannan mazaɓa tamu ta Yamma, Rita Orji ta ci majalisar wakilai a Ajeromi-Ifelodun, Tony Nwulu ya ci a Oshodi-Isolo, Jude Idimogu ya shiga majalisar jiha daga Oshodi-Isolo, sai Oghene Egoh ɗan asalin Delta da ya ci Amuwo-Odofin, duk a PDP. Ba wani sihiri suka yi ba, rajista suka yi a inda shagunansu da gidajensu suke kuma suka fito ranar zaɓe. Mu ma ba a ce ba mu taɓa samun komai ba, Gwamna Sanwo-Olu ya naɗa Kabiru Ahmed Abdullahi kwamishina a 2019 kuma mun ji daɗi ƙwarai, amma naɗi kyauta ce, wanda ya ba ka shi ke da ikon karɓewa. Kujerar da aka zaɓe ka a kai ita ce taka har wa'adi ya cika.

Akwai kuma ruɗanin da yake yawo a tsakaninmu kan aikin sanata. Lokacin da aka hana okada a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi biyar a watan Yuni 2022, sannan aka ƙara da su Mushin da Oshodi-Isolo a Satumba, na ji samari da yawa da aka kwashe wa babura suna zagin sanatoci. Wannan hukuncin gwamnatin jiha ne, maganarsa tana wajen gwamna da majalisar jiha mai mutum 40, wadda ɗan Agege Mudashiru Obasa ya daɗe yana shugabanta tun 2015. Kasuwa da tikiti da kwata kuma na ciyaman da kansila ne. Sanata nasa na tarayya ne, kuma in ka duba da kyau abincinmu kusan duk ta hanyar tarayya yake biyowa. Titin da tirelar shanu da tumatir da albasa take bi daga Arewa na tarayya ne. 'Yan sanda na tarayya ne, kwastan ma haka. Rufe boda da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, wanda ya durƙusar da 'yan kasuwa da dama a hanyar Seme, daga Abuja aka yi shi. Dokokin da suka shafi canji da canjin kuɗin da ya wahalar da kowa farkon 2023 na babban banki ne, kuma majalisa ce take da ikon kiran gwamnan bankin ta titsiye shi. Harajin kan hanya da shingayen da direbobi suke kuka da su, wanda yana cikin ƙorafin 'yan kasuwar abinci da dabbobi lokacin da suka dakatar da kawo kaya Kudu a 2021 bayan rikicin Shasha na Ibadan, magana ce da sanatan da mayankar Oko-Oba take mazaɓarsa ya kamata a ce ya fi kowa riƙe ta. Ga kasafin kuɗi, ga ayyukan mazaɓa, su taransifoma da bohol da azuzuwa da tallafin sana'a, wanda ake rabawa ta hannun shugabannin mazaɓu. In ba ka cikin rajistar mazaɓar ta yaya sunan layinku zai shiga?

Abin da kuma nake ganin ya kamata mu haɗa baki da maƙwabtanmu Yarbawa da Egun na Badagry da kowa a kai shi ne rabon mazaɓun kansa. Ban ce a ƙara wa Legas sanata ba, na san hikimar majalisar dattawa ita ce kowace jiha daidai take da 'yar uwarta, shi ya sa Bayelsa mai ƙananan hukumomi 8 take da uku, Kano mai 44 ita ma uku. Amma a cikin jiha ɗaya a ce goma, biyar, biyar, kuma mafi cunkoson suna cikin goman, wannan da sake. Sashe na 72 cewa ya yi a raba mazaɓu yadda yawan jama'arsu zai yi kusa da juna gwargwadon iko, sashe na 73 kuma ya ɗora wa hukumar zaɓe sake duba iyakokin lokaci zuwa lokaci, amma tun 1999 suna nan yadda suke. Ko wace ce ko waye a kujerar, komai kyan niyyarsa, ba zai iya sanin abin da ke damun mai kamun kifi a Badagry da mahauci a Oko-Oba da mai shago a Computer Village duka a lokaci ɗaya ba, dole wasu su faɗi ƙasa, kuma wanda suke fara faɗuwa su ne marasa ƙuri'a.

Na san za a ce min tsoro fa? Gaskiya ne, ba zan ɓoye ba, a zaɓen 2023 an samu rahotannin razana masu zaɓe a wasu unguwannin Legas, kuma ba wanda zai so ya sa ransa a haɗari saboda ɗan siyasa. Amma ku dubi alƙaluman shekarar. Legas ce ta fi kowace jiha masu rajista, sama da miliyan 7, wanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 1.5 ba, kuma Peter Obi ya kayar da Tinubu a jihar da ratar da ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. A garin da rata take iya zama haka, al'ummar da za ta fito da ƙuri'a dubu ashirin ko talatin a dunƙule, a akwatunan da aka san nata ne, ba mai takarar da zai tsallake ta, shi da kansa zai nemi a zauna. Sannan in unguwa ta fito gaba ɗayanta, da limamanta da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, an yi magana da masu unguwanni na Yarbawa tun kafin ranar, tsoron ma raguwa yake yi, wanda ya fi shiga haɗari shi ne mutum ɗaya tilo a layin da ba a san shi ba.

Ban ce kowa ya dawo da katinsa ba. Ɗan ci-rani da yake zuwa bayan girbi ya koma da damina, gonarsa da iyalinsa suna can, shi can ne gidansa, ya je ya yi zaɓensa Allah ya kiyaye hanya. Da wanda ya kafa iyali a nan nake, da matanmu da suke cikin gida wanda yawancinsu ko rajistar ba su da ita ko nan ko can, da samarin da aka haifa a nan suka cika 18. Dokar zaɓe ta ba ka damar yin rajista a inda kake zaune ko inda kake aiki, mai tsohon kati kuma ba sabuwar rajista zai sake ba, yin rajista sau biyu laifi ne, sauyin rumfa zai nema lokacin da aka buɗe rajista, ko ta intanet ko a ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarsa, kuma ana rufewa watanni kafin zaɓe, dan haka wanda ya bari sai an fara liƙa fosta ya makara. Masu karatu a cikinmu su taimaka wa marasa karatu da cike fam ɗin a waya, limamai su faɗa bayan sallar Juma'a, shugabannin kasuwa su ɗaga wa yaransu ƙafa rana ɗaya su je su yi. Ni nawa katin a Agege yake, na maiɗakina ma haka, duk wanda yake kusa kuma yana son a duba masa yadda ake sauyin ya same ni bayan la'asar, kyauta ne.